Fender ko Gibson ga mai koyon jita: amsata ga ƙaninmu

Ƙanena, ɗauki Fender ɗin kawai. Na fara da hukunci ne saboda na san halina, in na fara zuba a kan jita sai ka yi barci kafin in zo wurin.

Na ga hotuna biyun da ka turo, Fender American Professional II Stratocaster, wadda muke ce wa Strat, da Gibson Les Paul Standard, kana tambayar wacce za ka saya, na kuma ga masu ce maka wai ɗan koyo ba ya sayen jita mai tsada, ka nemi Squier, wato samfurin Fender mai araha, ko Yamaha Pacifica ka fara da ita. Ba ƙarya suka yi ba, Pacifica jita ce ta kirki, yara nawa na koya wa da ita. Amma tunda ka ce kuɗinka ne ba bashi ba, ba kuma na haya ko na makarantar yara ba ne, to ni ban ga laifi ba, sayen nagari mai da kuɗi gida ne, kuma abin da ka kashe wa kuɗi kana jin nauyinsa a zuciya ba za ka jingine shi bayan ƙyaure gizo-gizo ya yi saƙa a kai ba. Abu ɗaya dai, kar ka zaci tsadar za ta rage maka ciwon yatsa, wata ɗaya na farko sai kan yatsunka sun yi kanta ko ta nawa ka saya.

Tawa Strat ce, American Standard ta 2012, wato yayar wadda kake kallo, don daga baya ne aka sauya layin zuwa American Professional a 2017 sannan na II ɗin ya fito a 2020. Na hannu na saye ta wajen wani da ke kaɗa wa coci a nan Kaduna da zai bar ƙasar. Bari in ba ka labari ɗaya ka gane me ya sa nake mata wannan son. Wani biki muka je Zariya cikin hunturu, ta sha gargada a but ɗin Golf tare da sifiku da janareta, muka kafa kaya a filin makarantar firamare, na jingine ta a jikin amfilifaya na je alwala, wani yaro ya zo a guje ya harɗe da kebul, ina daga nesa na ga ta tafi luu ta kifa da fuska a kan siminti. Wallahi ruwan da ke bakina ban san sanda na haɗiye ba. Na zo na ɗaga ta hannuna na rawa, fenti ya ɗan ɓantare a gefe kamar girman farce, tsirkiya ɗaya ta sauka daga saiti, shi ke nan. Na murɗa ta muka kaɗa har ƙarfe sha biyun dare. Tabon yana nan har yau, ba na ma son a gyara.

Wannan ba sa'a ba ce kawai, ƙirar ce haka. Leo Fender da ya fito da Strat a 1954 mai gyaran rediyo ne, ba makaɗi ba, shi tunaninsa abu in ya lalace a kwance a sauya. Wuyan kusoshi huɗu ne suka riƙe shi da jikin, in ya karye ko ya karkace sai a kwance a ɗaura wani, kayan wutar kuma kusan duk a jikin faifan roban nan na gaba suke, ka cire kusoshi ka ɗaga gaba ɗaya, duk mai gyaran rediyon da ya iya riƙe soda zai iya sauya maka abin murɗa sauti. Kan jitar miƙe yake da wuyan, itacen kuma mai tauri ne. A ƙasar da ƙwararrun masu gyaran jita ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Les Paul kuwa, to, jita ce. Ba zan zage ta ba, a 1952 aka fara yin ta, sautinta kauri ne da shi da ɗumi kuma in ka buga tsirkiya ɗaya sai ta yi ta ja kamar ba za ta mutu ba, in abin da kake so shi ne ka yi ƙara irin ta Slash, shahararren makaɗin jitar rock ɗin nan, to ita ce gidan. Amma na aro ta wani abokina na yi dare ɗaya da ita a tsaye, washegari kafaɗata ta hagu kamar na yi dakon siminti. Tana kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, Strat kuwa wajen kilo 3 da rabi, a takarda ba wani bambanci ba ne, sai ka rataya awa uku jiki zai gaya maka. Ga shi Strat an fafe mata wurin ciki da wurin ɗora hannu, tana kwanciya a jiki, ita kuwa waccan in ka zauna da ita a cinya sai ta riƙa zamewa ta wajen gindi saboda nauyi, kai kuma ɗan koyo a zaune za ka yi yawancin atisayenka. Sai maganar wuya, nata da gam aka manne, kan kuma a karkace yake zuwa baya, itacen wurin siriri, duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san in Les Paul ta faɗi ta baya nan ne take tsagewa. Ana gyarawa, amma wa zai gyara maka a nan, kuma darajarta ta faɗi ke nan. Da ita ce yaron nan na Zariya ya kayar da ban san me zan ce ba.

In za a yi adalci akwai wuri biyu da ta fi. Na farko tsawon tsirkiya, na Gibson inci 24.75 ne na Fender 25.5, don haka ƙarafunan da ke jere a wuya sun fi kusa da juna a Les Paul, mai gajerun yatsu zai ɗan fi samun sauƙin miƙa hannu. Sai dai Fender tana zuwa da siririyar tsirkiya mai lamba 9, Gibson da mai lamba 10, to wajen laushi kusan an yi kunnen doki.

Na biyu shi ne wanda ya kamata ka sani tun yanzu kar ka zo kana cewa na cuce ka: gurnani. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, wanda muke ce wa fikof, na Strat guda uku ne masu naɗi ɗaya, suna da tsabtar murya amma suna kwasar hayaniyar wuta, na Les Paul biyu ne masu naɗi bibbiyu, hambaka, an yi su ne musamman don kashe wannan gurnanin. A gidajenmu da yawancin soket ba a haɗa musu wayar ƙasa ba, ga janareta, ga fanka, ga cajar waya ta ɗari biyar, Strat za ta yi maka zzzz kamar an saki ƙudan zuma a ɗakin. Maganin yana jikinta. Makunnin nan mai matsayi biyar, ka sa shi a na biyu ko na huɗu, fikof biyu za su haɗu su kashe gurnanin kusan gaba ɗaya, kuma abin daɗin shi ne sautin wuraren nan biyu shi ne ma ya fi daɗi a kunnena, ƙwal-ƙwal kamar ruwa na ɗiga a kwano. Kuma don Allah in ka taɓa tsirkiya ka ji ta ɗan ja ka, kashe komai ka kira mai gyaran wuta ya duba maka soket da amfilifaya, wannan ba laifin jita ba ne kuma ba abin wasa ba ne.

Ka ce kiɗan jitar Agadas ne ya ja ka cikin harkar. To ai magana ta ƙare. Je ka kalli Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar, bahago ne, farar Stratocaster yake riƙewa, kuma mutumin nan jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Salon nan na yatsa yana gudu a kan tsirkiya ɗaya ana barin wata tana amo a ƙasa kamar gurmi, yana son sauti mai kaifi wanda kowace ƙwaya ke fita daban, kaurin Les Paul sai ya dunƙule maka su wuri ɗaya. Haka in ka koma hailaif ko makosa ko waƙoƙin coci, duk nan Strat ta fi zama daram.

Ranar da ta iso ka yi abu biyu. Jakin Strat, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suka hau a gindi, yana lilo ne a kan sifirin da ke bayan jitar saboda sandar nan da ake girgiza sauti da ita, to ɗan koyo in yana saita tsirkiya ɗaya sai sauran su gudu, ya yi ta zagaye har ya zaci jitar ce ba ta da kyau. Ka sa wanda ya sani ya buɗe murfin baya ya ɗaure sifirin ɗin har jakin ya kwanta a jiki, sandar kuma ka ajiye ta a akwati sai bayan shekara. Na biyu a duba tazarar tsirkiya da wuya, don itacen da aka saita a Kalifoniya in ya zo ya sha zafinmu sai ya motsa. Hunturu ma yana da nasa, itacen wuya yana bushewa ya tsuke sai bakin ƙarafunan ya fito yana kartar hannu, tawa ta yi min haka a shekarar farko. Yanzu daga Disamba zuwa Fabrairu soso nake jiƙawa in matse shi sosai in sa a robar sabulu mai huji in ajiye a cikin akwatin, ba ya taɓa jitar. Kar ka bar ta a mota da rana, kar ka rataye ta kusa da taga. Ita Les Paul ma fentinta ya fi saurin fushi, irin na da ne, ko robar abin jingine jita in ba mai kyau ba ce sai ta ci fentin ta bar tabo.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Ka san me ya sa nake da ɗaci a kan Les Paul? Na taɓa sayen jabunta. Wani ne a intanet, hotuna zanƙa-zanƙa, wai yayansa ne ya aiko daga waje yana neman kuɗin asibiti da gaggawa, farashin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ni kuma kwaɗayi ya rufe min ido na tura rabi aka sa min ita a mota, na cika sauran a tasha. Sati biyu ina taƙama da ita kafin wani dattijo da ya daɗe yana kiɗa a otal-otal ya karɓa ya juya ta sau ɗaya ya ce yaro nawa ka ba su? Ya nuna min ɗan murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke kan jitar, na Gibson na gaske kusa biyu ne, tawa uku. Ya kwance, ciki maimakon notin tagulla da ake kamawa da sifana sai ga ramin alanki. Ya nuna min farin layin da ya bi gefen wuya, a ta gaske yana ɗan hawa kan bakin kowane ƙarfe, tawa ƙarafunan ne suka hau kansa. Lambar wanda ya sayar min tuni ta daina shiga. Kuma kar ka ce ni ne wawa ni kaɗai, a ƙarshen 2024 kwastam na Amurka sun nuna jabun Gibson sama da 3,000 da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, in can ana kai su to ina ga kasuwanninmu. Masu yin jabun ma yanzu sun waye, wasu sun koma sa kusa biyun, don haka alama ɗaya ba ta isa.

A ɓangaren Fender damfarar daban ce, Squier ake ɗauka a goge sunan a manna na Fender, ko a ɗaura wuyan Amurka a jikin da ba a san asalinsa ba. Lambar da ke bayan kai, ta Amurka ta zamanin nan da US take farawa sai lambobi biyu na shekara, ta Fender ɗin da ake yi a Meziko da MX, kuma kamfanin yana da wurin duba lamba a shafinsa, ka shigar ka ga ko launi da samfurin da ya fito sun dace da abin da ke hannunka. Ta Meziko ba jabu ba ce, jita ce mai kyau, amma kar a sayar maka da ita a kuɗin ta Amurka. Ka riƙe lissafi ɗaya a kai, Strat ɗin nan sabuwa a can Amurka ta haura dala 1,500, Les Paul Standard ta haura 2,500, kafin kuɗin jirgi da na kwastam, duk wanda ya ce zai ba ka sabuwa dal a ƙasa da haka sosai to ka riƙe aljihunka. Dukkansu kuma da akwatinsu mai tauri suke zuwa, in aka ce babu akwati ka tambayi dalili. Ba a cinikin biri a sama, ka je da ƙafarka, ka je da wanda ya iya kaɗawa, a jona ta a amfilifaya a gwada matsayi biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Rarar da za ta rage maka tsakanin kuɗin Gibson da na Fender ta isa ta saya maka amfilifaya ta kirki irin Boss Katana 50, da kebul mai kyau, da abin saita tsirkiya, da fakitin tsirkiya kamar biyar, har da kuɗin malami na wata shida. Jita ta miliyoyi a jikin sifikar ɗan tallan magani ba abin da za ka ji sai takaici. In daga Amurka za a kawo amfilifayar ka duba bayanta, tasu wutar 120 ce tamu 230, ka jona kai tsaye sai hayaƙi.

Kafin ka tura wa kowa ko sisi, ɗauki hoton bayan kan jitar inda lambar take, da farantin ƙarfen da ke riƙe wuya, da cikin akwatin, ka turo nan mu gani. Ina hawa intanet bayan isha'i.