Inda za ka samu waƙoƙin ƙungiyoyin gitar na gida a Yamai, da wanda kuɗinka zai je wa

Mai son kiɗan ƙungiyoyin gida a Yamai, ko rok yake nema, ko pop, ko kuwa ska, wadda ta samo asali daga Jamaika a ƙarshen shekarun 1950 kuma masu buga ta ba su da yawa a garin nan, ya kamata ya auna abu biyu kafin ya zaro kuɗinsa: ingancin sautin da zai ji, da aljihun da kuɗin zai faɗa.

Hanya mafi araha ita ce katin memori. Ka miƙa wa mai kwamfuta a bakin kasuwa, cikin ɗan lokaci ya cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi, kuma ba ka buƙatar intanet wajen saurare. Bai kamata a raina wannan hanya ba, domin ta nan ne waƙoƙin da makaɗin gitar Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauka a Sakkwato a 2008 suka yi ta yawo daga salula zuwa salula, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sanya ɗaya daga cikinsu a wani kundi da ya fitar a 2011. Sai dai aibinta babba ne. Na taɓa karɓar kati cike fal, na tarar da wata waƙa mai kiɗan gitar da ya ratsa ni, amma abin da aka rubuta a kanta lamba bakwai ce kawai, babu sunan ƙungiya, babu sunan mawaƙi, kuma shi kansa wanda ya zuba mini bai san mai ita ba. Sautin ma ya dushe saboda yawan kwafi, sannan ko dala ɗaya ba ta isa hannun makaɗan ba.

YouTube da Audiomack sun fi dacewa da bincike, tun da za ka ga sunan ƙungiya da fuskokin ƴaƴanta, amma bidiyo yana cinye forfen intanet da sauri, kuma abin da mawaƙi ke samu daga kowane saurare bai taka kara ya karya ba.

Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet, ya fi su adalci nesa ba kusa ba. Kashi 15 cikin ɗari yake cirewa daga cinikin waƙa, yawancin sauran kuɗin kuma na ƙungiyar ne ko kamfanin da ya fitar da ita, sannan kana sauke sautin da cikakken ingancinsa, ya zama naka. A can ake samun ƙungiyoyin gitar na Nijar irin su Les Filles de Illighadad da Etran de l'Aïr. Cikas ɗin shi ne biya, domin sai da katin banki mai aiki a ƙetare ko PayPal, abin da akasarin matasanmu ba su da shi.

A ganina, babu abin da ya kai zuwa wurin wasa. Ƙungiya irin Tal National, wadda ta fitar da kundin Kaani a 2013, a dandalin Yamai da gidajen biki ta gina sunanta tun kafin Turai ta san da ita, kuma wanda bai ji gangunanta suna dukan ƙirjinsa ba bai gama saninta ba. A riƙa sa ido kan allon sanarwa na cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, domin a irin waɗannan wurare ne sababbin ƙungiyoyi ke fara gwada kansu. Idan wasa ya tashi, ka je wurin shugaban ƙungiyar da kanka, ka tambaye shi ko suna da faifai. In babu, ka ba shi abin da ya sawwaƙa hannu da hannu, ka karɓi lambarsa, ya turo maka waƙoƙin ta WhatsApp a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, don kada sautin ya lalace a hanya.