Kayan awon insulin na Mercodia: abin da na gani bayan aiki da su

Na yi amfani da kayan awon insulin na kamfanin Mercodia da ke Uppsala a ƙasar Suwidin lokacin da muke nazarin yadda jikin masu ƙiba ke bijire wa insulin tun kafin ciwon sukari ya bayyana, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne cewa awon ba ya ruɗa insulin da 'yan'uwansa. Ana amfani da hanyar ELISA ne, inda sinadaran garkuwa guda biyu ke kama ƙwayar insulin ta ɓangarori daban-daban, ɗaya manne a gindin ramin farantin awo, ɗayan ɗauke da abin da ke fito da launi. Saboda haka proinsulin (sinadarin da jiki ke samar da insulin daga gare shi), wanda ya saba kumbura sakamako a tsofaffin hanyoyi, da C-peptide (guntun da ke rabuwa daga proinsulin) kusan ba sa shiga lissafi.

Aikin kansa ba shi da wuya. Farantin na da ramuka 96, kowane rami yana buƙatar maikirolita 25 kacal (ƙasa da ɗigo ɗaya) na ruwan jini, a girgiza na awa ɗaya, a wanke sau shida, a zuba sinadarin launi na minti 15, sannan a karanta ƙarfin launin da na'ura a haske mai tsawon zango nanomita 450. Idan aka maimaita kowane samfuri sau biyu, kamar yadda ya kamata, faranti ɗaya zai ɗauki mutum arba'in ko kusa da haka, domin ana ware wasu ramukan don daidaita awon. Wanda ya san cewa hanyar awon insulin da masana kimiyya Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da ita a 1960 tana dogara ne da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, zai fahimci sauƙin da aka samu.

Sai dai dole mai saye ya san iyakarsa. An tsara shi ne domin insulin na ɗan Adam, don haka bai dace da auna wasu nau'o'in allurar insulin ta zamani irin su lispro da aspart ba. Kamfanin na da wasu kayan awo daban domin wannan.

Inda muka yi asara kuwa laifin namu ne. Wasu samfuran da aka ɗiba da gaggawa, jajayen ƙwayoyin jininsu sun fashe, kuma da yake a cikinsu akwai sinadarin da ke narkar da insulin, sakamakon ya faɗi ƙasa har sai da muka sake kiran mutanen, alhali sun riga sun kwana ba ci sau ɗaya dominmu. Wannan ya dame ni ƙwarai. Haka kuma kayan na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da a zafin bazarar Kano da yawan ɗauke wuta ke nufin firji mai sola ko janareta tsayayye. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, shi ya sa muke tara samfura a daskare har su cika faranti kafin mu buɗe kwali.