Zoo biyu na Berlin sun biya ni, na ukun da manhaja ta cusa mana ne ya ɓata min rai

Jama'a duk wanda zai je hutu Berlin da yara kuma ba shi da niyyar hayar mota, maganar gidan zoo kam ba sai ya wahalar da kansa ba, garin yana da manya guda biyu kuma kowannensu jirgin ƙasa a bakin ƙofa yake sauke ka. Inda zan ja muku kunne shi ne manhajojin nan da suke haɗa maka tikitin wurare uku huɗu a dunƙule su ce wai ka samu rangwame. Irinta muka yi amfani da ita ni da madam da yara, ta haɗa mana zoo biyun nan na cikin gari sannan ta ƙara da wani wurin namun daji a bayan gari, kuma wannan na ukun ne ya sa nake wannan rubutun. Amma bari na fara da masu daɗin don kar a ce ba na yaba abin yabo.

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, Zoo Berlin, tashar jirgin ma sunansa ta ci, Zoologischer Garten. Jiragen ƙarƙashin ƙasa U2 da U9 na zuwa, jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira S-Bahn na zuwa, kana fitowa daga tasha ka tsallaka fili sai ga ƙofar da aka girke gumakan zakuna a kanta. Mu dai bas mai lamba 100 muka hau daga Alexanderplatz, mai hawa biyun nan, yara suka ruga sama suka kama kujerar gaba, kuma da tikitinka na yau da kullum za ka wuce ta wajen ƙofar Brandenburg da majalisar dokokinsu kafin a sauke ka a zoo ɗin, to me ya kai ka biyan motar 'yan yawon buɗe ido. Shi ne zoo mafi tsufa a Jamus, tun 1844 aka buɗe shi, kuma a yaƙin duniya na biyu bama-bamai sun ragargaza shi har dabbobi 91 kacal suka tsira cikin sama da 3,000, in ka ga yadda yake cike maƙil yanzu sai ka riƙe baki. Filin bai wuce hekta 35 ba, shi ya sa komai kusa da kusa yake, ka bar goggon biri taku kaɗan ka tarar da giwa. Akwai wani tsohon gini na su raƙumin dawa da barewa mai hasumiyoyi, madam na hango shi ta ce Abbansu wancan ba masallaci ba ne kuwa, na ce je ki leƙa ki ga limamin. Panda da aka kawo aro daga Sin a 2017 su ne kowa ke rububin gani, babu wani zoo a Jamus da ke da su, mu da muka kutsa muka samu gaba sai muka tarar da mutumin ya juya mana baya yana ta sharar barci a kan katako, to wannan ba laifin kowa ba ne, dabba ce. Abin da ya fi tsaya wa yara a rai gidan dorina ne, gilashi aka yi har ƙasan ruwa, kana tsaye za ka ga wannan ƙatuwar halitta tana taka ƙasa da 'yan gajerun ƙafafunta tana tashi sama a hankali kamar ba ta da nauyi, ƙaramarmu ta manna hanci a gilashin ta ƙi tafiya sai da aka ɗauke ta tana kuka.

Na biyun kuwa, Tierpark, gaskiya ban sa masa ka ba, na ɗauka ragowa ne kawai, ashe shi ne zai tafi da ni. Yana gabashin gari a Friedrichsfelde, U5 za ka hau daga Alexanderplatz, kusan kwata na awa, tashar sunanta Tierpark ba ruwanka da tambaya, ka hauro matakala ga ƙofa nan. A 1955 aka buɗe shi lokacin da garin yake rabe biyu, tsohon zoo ya faɗa ɓangaren yamma sai na gabas suka ce su ma sai sun yi nasu, suka yi shi a filin wata tsohuwar fada da har yanzu tana nan a ciki. Hekta 160 ne, wato ya ninka na farkon fiye da sau huɗu, don haka duk wanda zai shiga ya sa takalmin da ba ya cizo kuma ya karɓi hayar ɗan amalanken jan yara tun daga ƙofa, in ba haka ba a wuya za ka gama da su. Babu turereniya, babu ɗaga yaro sama don ya gani. Raƙuma masu tozo biyu suna kiwo a wani makeken fili ruwa ne kawai tsakaninku, ba waya ba ƙarfe. Muna zaune a benci muna hutawa sai ga kwasakwasa guda, ƙato, yana tafe yana rangaji a kan hanyar mutane abinsa, ya zo ya tsaya dab da ƙafar babban yarona ya karkata kai yana kallon igiyar takalminsa da ido ɗaya, yaron ya sandare ko numfashi ba ya yi, can tsuntsun ya buɗe wannan dogon bakin ya yi hamma har muna ganin jakar maƙogwaronsa tana rawa sannan ya wuce. Har yau in aka tambaye shi me ya gani a Jamus ba ya cewa panda, kwasakwasa yake cewa. In lokacinka zoo ɗaya zai ɗauka kuma yaranka ƙanana ne sosai to je na tsakiyar gari, in kuwa kana da wuni guda cur da ƙafa mai lafiya wallahi Tierpark.

To a nan da an tambaye ni da na ba manhajar nan tauraro huɗu ko biyar, don a wuraren biyu ana haska lambar da ke wayata aka ce mu wuce.

Sai ranar na ukun. Ba zan kama sunan wurin ba, ba zan kama na manhajar ba, amma abin da suka rubuta shi ne wai wurin yana da sauƙin zuwa a motar haya, tafiya kaɗan daga tasha, kuma tikitin cikin gari ya wadatar. Duk ukun babu na gaskiya. Wanda ya san Berlin ya san wajen tikitin jirgi da bas an kasa ta shiyya A da B da C, zoo biyun can suna cikin A da B, shi wannan yana can waje, kuma tashoshin jirgin Berlin babu shinge, kai za ka sayi tikiti ka buga masa hatimi a inji ka shiga, sai in masu dubawa sun ritsa ka ne za ka san kana da laifi, tara ce nan take ba ruwansu da cewa kai baƙo ne. Wata dattijuwa ce da ke zaune kusa da mu ta ji ina ambatar sunan wurin ta leƙa tikitinmu ta girgiza kai, da hannu da ɗan Turancinta ta fahimtar da mu cewa sai mun sauka mun sayi na ƙari, Allah ya saka mata. Muka sauka muka saya, jirgi ya tafi ya bar mu, muka jira na gaba. Da muka isa tashar da aka ce, babu zoo babu alamarsa, ashe sai an sake hawa bas, bas ɗin kuma ranar hutun ƙarshen mako awa-awa yake zuwa kuma ya tashi kenan muna fitowa, ina ganin bayansa. Muka zauna a rumfar da ko bango babu iska na kaɗa mu, yara sun fara Baba yaushe za mu isa, Baba fitsari, madam ba ta ce komai ba kuma shirun nan nata ya fi min magana ciwo. Bas ya zo ya sauke mu a bakin wani titi, daga nan kuma a ƙafa, gefen hanya babu dakalin masu tafiya, ina tura keken yarinya a kan tsakuwa motoci na wucewa fuu, wannan ita ce tafiya kaɗan ɗin.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya ƙona min rai a ƙofa ne, matar ta karɓi wayata ta duba ta ce ita ba ta da injin haska wannan, sai dai takarda bugaggiya, kuma ma wai sun daina hulɗa da kamfanin tun tuni. Na nuna mata rasit, na nuna mata saƙon imel, ta ɗaga kafaɗa, ba ta yi min rashin kunya ba tsakani da Allah amma ba ta da abin yi. Bayan wannan doguwar tafiyar wa zai kalli yara ya ce mu juya? Na sake biya. Muka shiga, rabin kejin babu kowa sai allo wai ana gyara, kyarkecin da aka cika hotonsa a manhaja ko jelarsa ba mu gani ba, abin da muka gani barewa ne da aladun daji da awaki, awaki fa jama'a. Wurin shan shayi a rufe, banɗaki ɗaya ne ke aiki. Kuma dole ido na kan agogo saboda bas na ƙarshe da wuri yake wucewa, in ya kuɓuce maka sai tasi, tasin ma sai ka kira ta zo daga wani gari. Ko awa biyu ba mu yi a ciki ba muka fito da gudu-gudu, tafiyar zuwa da dawowa ta ninka zaman da muka yi.

Kuma da na zauna na yi lissafi da kyau sai na ga rangwamen da suke ta kururutawa ma babu shi, da na sayi na zoo biyun kai tsaye a shafinsu na intanet da kusan haka zan biya ko ƙasa, su ma suna da tikitin waya, ba sai da ɗan tsakiya ba. Wato abin da manhajar ta ƙara min a tafiyar nan wahala ce kawai da biya biyu. Tauraro huɗun nan na janye, ɗaya ma don babu yadda za a ba da sifili ne.

Wanda zai zaɓi zoo a garin da bai sani ba kuma motar haya zai bi, kar ya tsaya a hoton dabbobi, ya buɗe manhajar sufurin garin da kanta ya sa sunan wurin da ranar da zai je da kuma lokacin dawowa, musamman dawowar, ya ga sau nawa zai canja mota da minti nawa ne a ƙafa da shiyyar da wurin ya faɗa. In ka ga tashar jirgi ta ci sunan zoo to ka huta, in ka ga an ce bas sannan ɗan taku to tambayi ɗan takun nan nawa ne. Af, na manta, akwai wani rukunin shaguna jikin tsohon zoo ɗin, Bikini Berlin, yana da ƙatuwar taga da ke kallon dutsen birai, kana zaune kana kallonsu kyauta, ranar da ƙafa ta gaji can muka kai yara suka ƙara gani.

Kuɗina kuwa na rubuta musu ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya ce mai kama da ta inji, wai suna ba da haƙuri suna dubawa, na tura hoton sabon rasit ɗin da na biya a ƙofa suka ce na turo hujjar cewa an ƙi karɓar na farkon. Hujjar me kuma, na ɗauki matar bidiyo ne tana ɗaga kafaɗa? Yanzu dai na kai maganar bankina, kuma na duba jiya wurin yana nan a manhajar suna ci gaba da sayar wa mutane tikitinsa.