Gangar cikin kwamfuta ko ta makaɗi, wacce ta fi fitowa gaba?

Jiya a wani situdiyo a Sabon Gari muka sha musu kan wannan. Gangar cikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, an riga an gyara ta, kana ɗorawa za ka ji ta bugi ƙirji, ba kuɗin makaɗi ba ƙarar janareta, matsalarta dai duk bugun iri ɗaya ne, kunne na gajiya.

Ta makaɗi kuwa sai ka yi aiki. Ka kusanto da makirfo irin Shure SM57 dab da fatar, kamar yatsu uku, don in ka yi nisa ɗakin za ka ɗauka ba gangar ba, sai sautin ya koma baya. Wajen haɗa sauti ka rage wajen 300 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), ɓangaren kauri inda yake cushewa, ka ɗan ɗaga 4 kHz, ɓangaren siriri, saboda kaifin farkon bugun, kwamfireso kuma, wato abin da ke danne sauti in ya yi ƙarfi, kar ya kama da wuri, ka ba shi milisakan 20 zuwa 30 bugun ya wuce tukuna, nan yawancinmu muke kashe ganga wallahi.

Kalangu dai ni ba na yarda da na kwamfuta, matse tsarkiyar nan da makaɗi ke yi a hammata ita ce maganarsa. Babbar ganga ta ƙasa ce nake ɗaukowa a kwamfuta in ɗora a ƙarƙashi.