Sharhi: mako shida ina haɗa ƙaramar Dodge Charger ta 1969

Ƙanina ne ya kawo mini kwalin wannan ƙaramar motar roba, irin wadda mutum ke haɗawa da kansa, a jakarsa da ya dawo daga karatu a Amurka. A jikinsa akwai hoton Dodge Charger R/T ƙirar 1969, ja wur, tana sheƙi. Da na ɗaga murfin sai na tarar da farar roba zalla: sassa sama da ɗari manne a jikin wasu firam-firam kamar 'ya'yan itace a reshe, da tayoyi huɗu, da gilasai a cikin leda, da takardar bayani mai zane-zane. Babu gam, babu fenti, babu buroshi. Duk mai sha'awar saye ya fara sanin wannan, domin abin da ke cikin kwali rabin kayan aiki ne kawai.

Ma'aunin samfurin 1/25 ne, wato an rage komai na motar sau 25. Ta gaske ta haura mita 5 a tsawo, tawa kuwa santimita 21 ce, kusan taƙi guda. Tun muna yara muke ƙera motar kara da ta gwangwani, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, kuma wannan tsohuwar sha'awa ce ta sa na roƙi a sayo mini. Sai dai a motar kara kai ne mai zane, yadda ka ga dama haka za ta fito. A nan kuwa akwai mota ta gaskiya da kake bin sawunta, kuma ita ce alƙali.

Charger tana cikin motocin da Amurkawa suka yi yayi daga 1964, lokacin da Pontiac GTO ta fito, zuwa farkon shekarun 1970: mota mai ƙofa biyu, matsakaiciya, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas. Tsadar inshora, da dokokin hayaƙi, da matsalar man fetur ta 1973 su suka kawo ƙarshen wannan zamani. Ana gane ta 1969 da sandar da ta raba fuskarta biyu a tsakiya, da dogayen fitilun baya, saɓanin ta 1968 mai fitilu zagayayyu. Samfurin ya kawo duka biyun daidai. Har gilashin baya da ya nutsa tsakanin ginshiƙai biyu, da murfin tankin mai da ke zaune a saman gefen baya, duk suna nan.

Daga inji na fara, kuma nan ne na fi jin daɗin kuɗin da aka kashe. Wanda na haɗa shi ne 426 Hemi, mai lita 7 da ƙarfin doki 425, wanda saboda girmansa ake yi masa laƙabi da giwa. Sunan Hemi ya samo asali ne daga siffar ɗakin da mai ke ƙonewa a kan silinda, mai kama da ƙwarya a kife. Shi ya sa fulogoginsa ke shiga ta tsakiyar murfin inji, kuma da idona na ga ramukansu a ɗan murfin da bai kai farcen yatsa biyu ba. Kafireta biyu ne a jere a samansa. Na shafa masa fenti mai launin ruwan lemo kamar yadda kamfanin ke yi wa na gaske, na yi murafan baƙaƙe. Kwalin bai zo da wayoyin fulogi ba, sai na fere wayar wata tsohuwar caja na zaro siraran da ke ciki, na huda ramuka da allura mai zafi, na bi tsarin tashin wuta na injinan Chrysler: 1-8-4-3-6-5-7-2. Dare uku wannan ya ci mini. Ba na da-na-sani ko kaɗan.

Ƙarƙashin motar ma makaranta ne. Sai da na zo manna ƙafafun gaba na lura babu sifirin mai naɗi, wasu dogayen sanduna biyu ne da ke murɗewa suke ɗaukar nauyi, a baya kuma sifirin mai falle-falle irin na a-kori-kura. Na sha ganin hoton wannan mota, amma ban taɓa sanin haka ba sai da na riƙe sassan da matsefata.

Game da gam, wanda ake yi domin wannan roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe, kamar walda. Ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. Ba ya kama fenti ko farin ƙarfen da aka shafa wa bamba da wili, dole a kankare wurin da reza tukuna. Gilashi kuwa kada a kusance shi da gam mai kamawa nan take, tururinsa na sa shi ya yi fari fat kamar hazo. Farin gam na kafintoci na sa, yana bushewa garau.

Yanzu ga inda na sha wuya. Ba a yarda a sa fentin feshi a kayan jirgin sama ba saboda yana kama wuta, don haka na sayi gwangwanin fentin mota a kasuwa. Allah ya sa a cikin bonet na fara gwadawa. Cikin minti biyu robar ta yamutse kamar fatar da ta daɗe a ruwa, saboda tinar da ke cikin fentin ta fi ƙarfinta. Wani mai fentin mota a layinmu ya duba ya ce, "Malam, ai sai ka yi mata shimfiɗa tukuna, kuma ka riƙa fesawa daga nesa, kaɗan-kaɗan." Na goge da sanfefa mai laushi a cikin ruwa, na fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka sau biyu, na bar shi kwana biyu, sannan na bi da ja sau uku. Ya zauna lafiya. Daga nan nake gwada kowane fenti a kan ragowar firam kafin ya taɓa mota.

Sai ƙura. Cikin hunturu na yi aikin, kuma ɗanyen fenti maganaɗisun ƙura ne. Abin da ya cece ni shi ne yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin feshi, ina gamawa in kife babbar roba a kan bodin.

Shi ma samfurin yana da nasa aibun. Bonet ɗin ya zo a ɗan karkace, sai da na tsoma shi a ruwan ɗumi na danne da littattafai kafin ya kwanta. Layukan da injin ƙira ya bari a gefen bodi suna da kauri, kuma farin ƙarfen fuskar gaba ya yi yawa har ya cike wasu ƙananan ramuka, sai da na zuba baƙin fenti mai ruwa-ruwa na goge sama kafin zanen ya fito. Takardar bayani ba ta nuna takamaiman inda salansa ke haɗuwa da inji ba. Shigar da shasi cikin bodi kuwa sai da na buɗa gefunan har na ji tsoron kada su tsage. Shawarata a gwada kowane sashe a mazauninsa kafin a sa gam. Baƙin ratsin da ke kewaye wutsiyar motar, wanda ake jiƙawa a ruwa ya zame daga takarda, ya yage mini a kusurwa ɗaya saboda na yi gaggawa, na cike da buroshi.

Wa zan ba shawara ya saya? Babba ko matashi mai son mota, mai iya zama awa guda a kan abu ɗaya. Ƙaramin yaro a'a, akwai reza, akwai warin gam da fenti da ke buƙatar a buɗe taga, kuma idan an gama ba ta jure wasa. Wanda bai taɓa yi ba zai fi samun sauƙi idan ya fara da irin wanda sassansa ke maƙalewa ba tare da gam ba. Kuma in za a sayo maka daga waje, a haɗo da ƙananan burosai da sanfefa mai laushi sosai, su ne suka fi wuyar samu.

Ranar da na gama na kai wa wani dattijon bakanike da ke gyara mini mota. Ya sa tabarau, ya ɗaga bonet da farce, ya daɗe yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya daga distiributa. Na ce, "Baba, da gyara?" Ya ce wayar ta biyar da ta bakwai sun kwanta a jikin juna, a injin gaske raba su ake yi don kada wuta ta tsallaka. Da daddare na ɗauko matsefata na raba su.