Sharhi kan farin khal a wankin tawul

Tawul yakan kai lokacin da wanki ba ya yi masa wani amfani. Za a wanke shi a shanya, amma da zarar ya taɓa jiƙaƙƙen jiki sai warin danshi ya taso, ga tauri, kuma ba ya tsane ruwa kamar da. Wannan ne ya sa na fara zuba farin khal (ruwan tsamin nan da ake kira binega) a ruwan ɗauraya, kuma na gamsu da aikinsa, ko da yake bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Abin da ke ɓata tawul shi ne ragowar sabulu da ruwan laushin tufafi da ke maƙalewa a zarensa, musamman inda ruwa yake da zartsi, domin sinadaran kalsiyam da magniziyam suna haɗuwa da sabulu su bar wani daskararren datti da ɗauraya ba ta fitarwa, kuma a cikinsa ne maiƙon jiki da wari suke zama. Farin khal yana ɗauke da asid na asetik kimanin kashi 5 cikin 100, wanda ke narkar da wannan datti. Rabin kofi nake zubawa a ɗaurayar ƙarshe, ba tare da sabulu ba. Tawul ya dawo da laushinsa, yana shan ruwa sosai, kuma tsamin khal ɗin da na ji wa tsoro yana gushewa idan ya bushe.

Sai dai khal ba sabulu ba ne, ba ya kuma kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Tawul ɗin da aka dunƙule a banɗaki yana jiƙe zai sake yin wari ko an yi masa wankin khal, don haka shanya shi a buɗe har ya bushe ƙarau ta fi komai muhimmanci.

Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa khal da bilic, wato sinadarin da ke sa tufafi fari. Wannan haɗi yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu da idanu, kada a kuskura a gwada shi. Haɗa shi da bekin soda a lokaci guda kuwa asara ce kawai, domin kowannensu yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Ga masu injin wanki, yawan amfani da asid yana iya cin robobin injin a hankali, shi ya sa ba na zuba shi a kowane wanki, sai na ji tawul ya fara tauri.