Kilim ɗin Hilux ɗina da mai wayarin na hanyar Ɗan Issa

Jama'a masu motocin ɗaukar kaya a Maradi, duk wanda kilim ɗinshi, wato na'urar sanyaya cikin mota, ke sanyi da safe amma rana na takewa sai ta ɗauke, don Allah kar ya yi gaggawar sayen sabuwar kwamfaresa, wato injin da ke tura gaz ɗin sanyi, ya fara kai ta a auna mishi wuta. Ni wani mai wayarin ne da ke da rumfa a bakin hanyar Ɗan Issa ya yi mini aikin, ya fidda ma kwamfaresar layin wutarta daban da rele nata na kanta, wato ɗan makunnin da ƴar wuta ke kunnawa shi kuma ya saki babbar wuta, kuma wallahi aikin ya yi. Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba a wurin, su ma zan faɗa.

Motar tsohuwar Hilux ce mai gazuwal, wutar bolt 12, da ita nike kai kaya kasuwannin Tasawa da Dakwaro da ƙauyukan da ke kan laterit. Matsalar ita ce in injin ya ɗau zafi sai ka ji iskar ta koma ɗumi, ka kashe ka kunna ta kama kaɗan ta sake saki, kuma kun san zafin Afrilu da Mayu a garin nan, ya wuce digiri 40, mutum na cikin kabin gumi na zuba har cikin ido. Inda na fara kai ta anka ce gaz ne, anka ƙara, ba ta sake zani ba. Wani wurin kuma anka ce kwamfaresa ta mutu sai dai a sawo wata daga Katsina.

Shi wanga bawan Allah bai ce komi ba sai da ya ɗauko na'urar awon wuta. Ya sa ni na tada mota na kunna kilim da fanka da fitilu, ya ɗora a kan batir ta nuna bolt 14, ya koma bakin soket ɗin kwamfaresa ta nuna 10 da ɗan abu. Ya juyo mini da fuskar na'urar ya ce "Alhaji duba da idonka, wutarka a hanya take zubewa." Sai ya bi wayar da hannu har ya kai wani ƙulli da wani ya taɓa haɗawa tun kafin motar ta zo hannuna, an naɗe da baƙin salatef, yana warwarewa sai ga tagullar ta yi kore, silin da sunka rage a haɗe ba su da yawa, ga ƙura ta cika wurin.

Bayanin da ya yi mini shi ya sa na yarda da shi. A gaban kwamfaresa akwai puli da kuruwa, wato bel ɗin injin, ke juyawa kullum in dai injin na aiki, a bayanshi akwai bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla, in wuta ta shiga bobin sai ya zama mayen ƙarfe ya fizgo farantin gaba ya manne, wannan ƙarar ƙwas da kake ji in ka danna maɓalli ke nan. Bobin ɗin na jan kamar amfa 3 zuwa 5. To in ya yi zafi ƙarfin janshi raguwa yake, in kuma dama wutar da ke isowa ba ta cika ba sai farantin ya riƙa sulɓewa yana gogar puli, yana ƙara zafi, daga nan sai ya saki gaba ɗaya. Kamar tiyon ban ruwa ne da ya huhhuje, famfo na turowa da ƙarfi amma abin da ke kai ma shuka ɗan tsiyaye ne.

Ga yadda ya haɗa, na tsaya a kanshi na gani. Ya ja sabuwar waya mai kauri 2.5 daga kan batir mai alamar ƙari, ya sa fizibil na amfa 10, wato abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, dab da batir ɗin, ya ce in ka kai fizibil nesa to duk tsawon wayar da ke gabanshi ba ta da mai tsaronta, ranar da ta goga da ƙarfe gobara ce. Daga fizibil ta shiga ƙafar rele mai lamba 30, daga ƙafa 87 ta fita kai tsaye zuwa bobin. Tsohuwar wayar da a da ke ɗauke da nauyin kwamfaresa, bayan ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya gyara, ita ya kai ƙafa 86, ƙafa 85 kuma ya ɗaure a jikin mota, mas ke nan, sai da ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi fari. Yanzu aikin tsohuwar wayar ba da umarni kawai, ƴar wutar da rele ke buƙata bai taka kara ya karya ba. Ya kuma sa wani ɗan diyod a kan bobin saboda wutar da ke dawowa baya in an kashe kar ta riƙa ƙona bakin rele.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi mini dirak ba. Da yawa a garin nan in ka kai irin wanga matsala sai su ja waya daga batir su sa maka ɗan makunni a gefen sitiyari su ce shi ke nan, sanyi kuwa za ka samu har ka yi godiya, amma sun tsallake presosta, wato abin nan da ke jikin bututu mai yanke wuta in gaz ya yi ƙasa ko matsi ya yi yawa, sun tsallake da abin da ke hana ƙanƙara daskarewa a cikin tablo. Man da ke shafa cikin kwamfaresa tare da gaz ɗin R134a yake zagayawa, ranar da gaz ya tsiyaye ba mai tsaida ta, za ta yi ta juyawa a bushe har ta cije. Ga kuma mantuwa, ka bar makunnin a kunne ka kwana, da safe batir ya mutu. Araha ba ta ado. Shi da ya gama sai ya tada mota, kilim na aiki ya zare soket ɗin presosta a gabana, nan take kwamfaresa ta tsaya, ya mayar ta sake kamawa. Ya sake aunawa a bakin bobin, 13 da rabi har da ɗori.

Tsaftar aikin ma ba laifi, ya zura wayoyin cikin rigar roba ya ɗaɗɗaure, relen ya kafa shi nesa da bututun hayaƙi ƙafafunshi na kallon ƙasa don kar ruwa ya taru a ciki lokacin damina ko wurin wanki.

To sai inda ya gaza. Lokaci dai babu shi, ya ce in zo da safe amma bai taɓa motar ba sai bayan azahar, kowa ya zo da babur ko adaidaita sai ya ajiye nawa ya ce minti biyu. Ba ya ajiye kaya masu kyau, relen da ke akwatinshi irin marasa nauyin nan ne, shi da kanshi ya ce kar a sa su, sai da anka aiki yaro cikin kasuwa ya nemo mai amfa 40. Yaran nashi kuma sun bar mini shatin baƙin mai a kan kujera, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai don an iya shimfiɗa ko buhu ne. Takarda ba ya badawa, alkawarin baki ne kawai cewa in ta ba da matsala in dawo. Kuɗin kaya da na hannu duka jika goma sha biyar na biya, ban ga tsada ba.

Ba kowace kilim ce rele ke ma magani ba, shi ma ya faɗa. In bobin ya ƙone, ko tazarar faranti da puli ta buɗe ta kusa kai milimita 1, ko gaz na zuba, to aikin daban ne, kuma shi ba ya cika gaz, sai ka tafi wurin masu sanyi. Masu manyan kamiyo irin su DAF da Howo ku lura taku wutar bolt 24 ce, a duba rubutun jikin relen kafin a sa, na 12 ƙonewa zai yi. Sabbin motocin nan kuma da kwamfuta ke sarrafa kilim ɗinsu, wani ya kawo ɗaya ina zaune a wurin, ya leƙa ya ce shi ba zai yanka mata waya ba sai an fara sa mata na'urar bincike.